Bayan an cire saifa: Gudan jinin da ke laɓewa a ƙofar hanta

Labarin yakan faro ne da aman jini. Magidanci yana zaune lafiya, ya dawo daga kasuwa ya ci tuwon dare, sai ya ji zuciyarsa na tashi, kafin a miƙo masa roba ya ɓata tabarma da jini. Ba tari ya yi ba, ba faɗuwa ya yi ba. A kwashe shi a yi asibiti, a ƙara masa jini leda biyu ko uku, a zura masa na'urar leƙa ciki ta baki, sai likita ya ce jijiyoyi ne suka kumbura a ƙasan bututun abinci, ɗaya ta fashe. Hoton ciki kuma ya nuna hanta ta yi tauri, saifa ta kumbura ta sauko har kusa da cibiya. Idan abin ya dawo sau biyu sau uku, magani da ɗaurin jijiya suka gaza, sai a fara maganar tiyata: a cire saifar, a datse jijiyoyin da ke kai jini wurin da yake fashewa.

Dangi su yi karo-karo, wani lokaci har a sayar da fili ko a taɓa jari. A yi aiki, a yi nasara, jini ya tsaya. Bayan kwana goma a sallami mara lafiya, 'yan dubiya su cika gida ana barka da arziki. To a daidai wannan lokaci da hankalin kowa ya kwanta ne wani haɗarin yake tasowa, kuma kishiyar na farko ne. Mutumin da aka yi ta fama jininsa ya tsaya, yanzu jinin nasa yana neman daskarewa a cikin babbar jijiyar da ke shiga hanta. Zazzaɓi ya zo a ce maleriya ce, ciki ya yi ciwo a ce ɗinki ne, ya kumbura a ce iska ce, alhali gudan jini ne yake toshe hanya a hankali.

Wani hawan jini ne daban

Da farko a cire wani ruɗani. Hawan jinin da ake magana a nan ba shi ne wanda ake aunawa a dantse ba. Mutum na iya samun awon dantsensa daidai, ko ma ya yi ƙasa, alhali wannan yana cinsa. Likitoci suna kiransa hawan jinin ƙofar hanta.

Duk jinin da ya zagaya hanji da tumbi da saifa ba ya komawa zuciya kai tsaye. Sai ya taru a wata jijiya guda mai kauri, tsawonta kamar santimita 8, ta shigar da shi hanta a tace shi tukuna. Ita ce jijiyar ƙofar hanta, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na jinin da hanta take samu ta nan yake biyowa, wajen lita ɗaya a kowane minti. A jikin mai lafiya jinin yana ratsa hanta ba tare da wahala ba, bambancin ƙarfinsa tsakanin mashiga da mafita ba ya wuce 5 a irin ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Idan hanta ta cika da tabo ta yi tauri, sai jini ya riƙa turewa baya, kamar lambatun da shara ta toshe a damina. Da awon ya kai 10 jijiyoyin kewaye sukan fara kumbura, daga 12 zuwa sama kuma ana fargabar fashewa.

Ruwan da aka tare dole ya nemi hanya. Jinin sai ya bi ta ƙananan jijiyoyin da ba a yi su don ɗaukar wannan nauyi ba, waɗanda ke ƙasan bututun abinci da saman tumbi da kewayen cibiya da dubura. Na bututun abinci su ne masu kisa, domin fatarsu siririya ce. Saifa ma takan cika da jini: wadda a da ba ta fi giram 150 ba sai ta haura kilo guda, ta riƙa tsare ƙwayoyin jini a cikinta, mutum ya yi fari fat.

A ƙasarmu abubuwa biyu ne ya kamata kowane gida ya sani. Na farko ciwon hanta nau'in B. Babban binciken ƙasa na shekarar 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar, nau'in C kuma kashi 1.1. Akasari tun suna jarirai ko yara suka kamu, cutar ta yi shekara ashirin ko talatin tana sassaƙar hanta ba tare da wata alama ba. Na biyu tsargiyar hanji. Mun fi sanin tsargiyar fitsari, amma akwai 'yar'uwarta da ke zama a jijiyoyin hanji, ƙwayayenta su bi jini su maƙale a hanta su yi ta tara tabo a kewayen rassan jijiyar ƙofa. Wanda ya tashi yana wanka da su a rafi, ko ya yi noman rani a bakin madatsar ruwa, zai iya zuwa Legas ko Fatakwal ko Ibadan ya yi shekara ashirin yana kasuwancinsa, ya manta da rafin, amma hantarsa ba ta manta ba. Bayan waɗannan akwai giya, da kitsen da ke taruwa a hanta wurin masu ƙiba da masu ciwon suga.

Aikin da aka faro a Masar

Ba mamaki ba ne da aikin da ake yi wa irin waɗannan marasa lafiya ya fito daga bakin kogin Nilu. A Alƙahira ne likitan nan Bajamushe Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a 1851, kuma Masar ta daɗe tana fama da manoma masu aman jini. A 1967 wani likitan fiɗa na Jami'ar Iskandariyya, Muhammad Hassab, ya wallafa bayanin hanyarsa: a cire saifa, sannan a bi jijiyoyin da ke kewaye da saman tumbi da ƙasan bututun abinci a ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Har yau da sunansa ake kiran aikin. A 1973 likitocin Japan biyu, Sugiura da Futagawa, suka fito da wani salo mai zurfi, wanda har bututun abincin ake yankewa a sake haɗawa. A yau ƙasar Sin ce kan gaba wajen yawan yin irin wannan tiyata saboda yawan masu ciwon hanta nau'in B, a Burazil kuma an daɗe ana yi wa masu tsargiya.

Mai tsargiya ya fi jure aikin, domin shi tabon a kewayen jijiyoyi yake, ƙwayoyin hantar kansu suna nan suna aiki. Wanda hantarsa ta riga ta ƙanƙance sosai, ga shawara ga ruwa a ciki, tiyata na iya zama ajalinsa, shi ya sa ba kowa ake yi wa ba. Kuma ba da ita ake farawa ba. Ana fara ba da magani irin su furofranolol ko kabedilol da ke rage ƙarfin jinin ƙofa, sannan a riƙa ɗaure jijiyoyin da suka kumbura da 'yan robobi ta na'urar leƙa ciki. Akwai kuma dabarar da aka fara yi wa mutane a Jamus a ƙarshen shekarun 1980, ta huda wata hanya a cikin hanta a sa ɗan bututu jini ya wuce, sai dashen hanta. Waɗannan biyun na ƙarshe suna da tsada ƙwarai, kuma yawancin masu buƙatarsu daga nan sai sun fita waje. Inda babu su, wuƙar likitan fiɗa ce ke saura.

Me ya sa jini ke daskarewa bayan aikin?

Tun a tsakiyar ƙarni na 19 masanin nan Rudolf Virchow na Jamus ya yi aikin da daga baya aka taƙaita shi a abubuwa uku masu sa jini ya daskare a cikin jijiya: gudunsa ya ragu, ko yanayinsa ya canza ya zama mai saurin kamawa, ko bangon jijiyar ya ji rauni. Abu ɗaya ma ya isa. Wanda aka cire wa saifa saboda hawan jinin hanta, duka ukun suke haɗuwa masa a mako guda.

Ɗauki maganar gudu. Shekara da shekaru jijiyar saifa tana ɗauke da jini mai yawa, ta buɗe ta yi faɗi, jijiyar ƙofa ma ta wuce milimita 13 da aka sani a matsayin iyakarta. Rana ɗaya aka cire saifar. Babban bututun yana nan, amma ruwan da ke bi ta cikinsa ya ragu sosai. Mafi muni, guntun jijiyar saifa da aka ɗaure ya zama lungu marar mafita, jini ya shiga ya tsaya cik. Daga wannan lungun ne gudan jini yakan fara, ya yi ta tsawo har ya kai babbar jijiya. Saboda haka ne wanda saifarsa ta fi girma, jijiyarsa ta fi faɗi, shi ya fi shiga haɗari.

Sai yanayin jinin. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira filatilet, su ne masu fara toshe rauni idan mutum ya yanke. A jinin mai lafiya akan samu 150,000 zuwa 450,000 a kowane ɗigon awo. Saifa mai lafiya tana ajiye kusan kashi ɗaya cikin uku nasu, wadda ta kumbura ƙwarai kuma tana iya tsare har kashi 90 cikin 100. Da an cire ta babu sauran mai tsare su, sai adadinsu ya yi ta hawa, ya kai ƙololuwa wajen mako na biyu zuwa na uku. Mutumin da aka shiga da shi ɗakin tiyata da 50,000 zai iya wayar gari da fiye da 500,000.

Akwai kuma wani abu da ko ma'aikatan lafiya suka daɗe suna yi wa gurguwar fahimta. An ɗauka mai ciwon hanta jininsa ya riga ya tsinke, ba zai daskare ba. Ba haka ba ne. Hanta ce ke ƙera sinadaran da ke sa jini ya kama, ita ce kuma ke ƙera waɗanda ke hana shi kamawa. Idan ta raunana duka biyun suke raguwa, sai ma'aunin ya zama kamar tulu a kan yaro: ɗan tuntuɓe kaɗan ya karkata ta nan ko ta can. Shi ya sa mutum ɗaya zai yi aman jini a watan jiya, ya yi gudan jini a wannan watan.

Ƙididdigar da asibitoci ke bayarwa ta sha bamban, daga kusan mutum ɗaya cikin goma har zuwa fiye da rabin waɗanda aka yi wa aikin. Bambancin ya fi ta'allaƙa ne da yadda aka bincika: asibitin da ke ɗaukar hoton kowa da kowa ya fi ganowa, domin da yawa daga cikin masu gudan jinin ba sa jin komai da farko.

Sinadarin da ke tsiro da jijiyoyi

Abu na uku, wato bangon jijiya, shi ne ya ja hankalin masu bincike zuwa ga wasu sinadarai da jiki ke ƙerawa don tsiro da sababbin jijiyoyi. Mafi shahara a cikinsu shi ake taƙaita sunansa da VEGF, sai wani abokin aikinsa bFGF.

Tarihinsu daga binciken ciwon daji ya fito. A 1971 wani likitan fiɗa a Boston ta Amurka, Judah Folkman, ya kawo ra'ayin cewa ƙari ba ya girma sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyi. A 1983 Harold Dvorak da Donald Senger suka gano wani sinadari da ke sa bangon jijiya ya riƙa yoyo, a 1989 kuma Napoleone Ferrara ya ware wani da ke sa ƙwayoyin bangon jijiya su hayayyafa. Daga baya aka tabbatar abu ɗaya ne. Waɗannan halaye nasa biyu, tsiro da jijiya da kuma sa ta yoyo, su ne suka sa ake tuhumarsa a maganar da muke yi.

A da an ɗauka jijiyoyin da ke kumbura a bututun abinci tsofaffi ne kawai da ƙarfin jini ya buɗe. A 2004 masu bincike a Basalona ta Sifaniya, cikinsu har da Mercedes Fernández da Jaime Bosch, suka nuna a jikin ɓeraye cewa idan aka toshe aikin VEGF, hanyoyin kewayen da ke fitowa suna raguwa sosai. Ma'ana jiki da kansa yake gina waɗannan hanyoyi, kuma wannan sinadarin ne magininsu. Ke nan mai hawan jinin hanta tun kafin a kai shi tiyata jijiyoyin cikinsa suna jiƙe da shi.

Sai kuma wuƙa ta zo. An yanke jijiyoyi masu yawa an ɗaure, naman wurin ya rasa isasshiyar iska, kuma ƙarancin iska shi ne babban abin da ke tayar da VEGF. Dole ne ma ya tashi, domin ba don shi ba rauni ba zai warke ba. Ga kuma ƙwayoyin filatilet da suka yi yawa, waɗanda su kansu rumbu ne na wannan sinadari, duk inda suka taru sai su zazzage shi. A gwajin ɗakin bincike an ga cewa VEGF yana sa bangon jijiya ya fitar da abin da ke kunna daskarewar jini, ya kuma saki wani sinadari mai danƙo da filatilet ke mannewa a kai. Idan ka haɗa wannan da jinin da ke tafiyar hawainiya a cikin faffaɗan bututu, ka ga dalilin da ya sa likitoci, musamman a ƙasar Sin, suke auna waɗannan sinadarai a jinin marasa lafiya kafin aiki da bayansa, ko za su nuna wanda gudan jini ke shirin kamawa.

Amma kada a yi saurin yanke masa hukunci, don ganin mutum a wurin gobara ba ya nuna shi ya kunna ta, wataƙila guga ne a hannunsa. Bayan gudan jini ya kafu, wannan sinadarin dai shi ne jiki ke turawa ya huda ƙananan hanyoyi a cikin gudan, ya taimaka a narkar da shi. Idan jijiyar ta toshe gaba ɗaya, cikin 'yan makonni wasu siraran jijiyoyi sukan tsiro su nannaɗe ta kamar saƙar gizo-gizo don jini ya samu ya kai hanta, shi ma aikinsa ne. Saboda haka yawansa a jini na iya zama sanadi, yana kuma iya zama martanin jiki ga gudan da ya riga ya fara. Wani darasin ya fito daga masu ciwon daji. Maganin Avastin, wanda aka amince da shi a Amurka a 2004 don toshe VEGF, cikin illolinsa da aka sani akwai zubar jini, da gudan jini a jijiyoyin da ke fitowa daga zuciya, da jinkirin warkewar rauni. Yawansa matsala, rashinsa ma matsala.

Abin da wannan ke nufi ga mai jinya a yau a fili yake. Awon VEGF ba ya cikin gwaje-gwajen da aka tsara a yi wa wanda aka cire wa saifa, kuma ba a ba shi maganin toshe sinadarin don rigakafin gudan jini. A ganina duk ɗakin gwajin da ya ce a kawo kuɗi masu kauri zai auna wannan ya faɗi makomar mara lafiya, gara a riƙe kuɗin a biya hoton ciki sau biyu. Amfanin binciken shi ne ya fahimtar da mu cewa makonnin farko bayan aiki lokaci ne da jijiyoyin cikin mutum suke a hargitse, ana rushewa ana gini a lokaci guda, ko da fatar waje ta haɗe tsaf.

Abin da ke hannun iyali

Abin da ke gano gudan jinin tun yana ƙarami shi ne hoton ciki mai nuna gudun jini, wanda ake kira Dofla. Ba allura, ba zafi, kuma ana samunsa a manyan asibitoci da cibiyoyin hoto na birane. Asibitoci da dama sukan yi shi a makon farko bayan aiki, su maimaita cikin wata guda, su sake bayan wata uku. Idan an yi shakka sai a tura siti sikan. Kafin a karɓi takardar sallama, ya dace wani daga cikin iyali ya tambayi likita kai tsaye: an duba jijiyar ƙofa? Yaushe za a sake dubawa? Nawa filatilet suka kai yau? Tambayar ba rashin kunya ba ce.

Alamomin da ba a kwana da su a gida su ne zazzaɓin da ya ƙi sauka ko ya dawo, ciwon ciki sabo ko wanda ke ƙaruwa musamman bayan cin abinci, kumburin ciki, amai, gudawa, da rashin son abinci da ya wuce na mai jinya. Idan gudan ya gangara ya toshe jijiyar da ke kwashe jini daga hanji, hanjin na iya mutuwa, kuma a nan sa'o'i ake ƙirgawa ba kwanaki ba: ciwo mai tsanani, ciki ya yi tauri, wani lokaci bayan gida da jini. Wanda ya tsallake wannan amma aka bar gudan ya tsufa, ƙarfin jinin ƙofa yakan sake hawa, ruwa ya taru, aman jinin da aka kashe dukiya don a rabu da shi ya dawo. Toshewar jijiyar kuma tana wahalar da dashen hanta idan an zo buƙatarsa nan gaba.

Inda aka fi samun saɓani da iyali shi ne wurin magani. Likita ya rubuta allurar tsinka jini, irin su hefarin da ake yi a fatar ciki, daga baya a koma ƙwayar wafarin ko makamanciyarta na wasu watanni. Sai uwargida ko babban wa ya ce ina, mutumin da ya kusa mutuwa da zubar jini ne za a tsinka wa jini? A ɓoye maganin, ko a riƙa ba shi rabi. Tsoron yana da dalili, amma lissafin ya canza: an riga an datse jijiyoyin da ke fashewa, kuma likitan ba ya fara maganin sai ya gamsu cewa wurin aikin ya daina zuba. Gudan da aka tara da wuri yakan narke, wanda ya yi watanni kuwa ya zama tabo, magani ba ya ɗaga shi. Wanda bai gamsu ba ya koma ya yi magana da likitan, kada ya yanke hukunci a ɗaki.

Mai shan wafarin yana da nasa dokokin. Akwai gwajin jini da ake kira INR da za a riƙa yi a kai a kai don daidaita adadin maganin. Ganyaye irin su zogale da alayyafo da kabeji suna da sinadarin bitamin K da ke rage ƙarfinsa. Ba a ce a daina ci ba, a dai riƙa ci daidai gwargwado kullum, ba yau kwano guda na kwaɗon zogale ba sannan a yi mako biyu ba a taɓa ba. Magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis ba tare da takarda ba, su dikulofenak da ibufurofen, da garin Alabukun mai ɗauke da asfirin, duk suna iya tayar da zubar jini a tumbi, kada a sha sai da izinin likita. Haka jiƙe-jiƙe da sassaƙe da 'yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya: hantar da ta raunana ba ta da ƙarfin tace abin da ba a san awonsa ba. Ƙaho da sakiya da cire haƙori ma a dakata har sai an sanar da wanda ke lura da maganin. Baƙin bayan gida kamar kwalta, ko haɓo da ya ƙi tsayawa, ko jini a fitsari, alama ce ta komawa asibiti a ranar.

Rashin saifa kansa yana da nasa nauyin da zai bi mutum har ƙarshen rayuwa. Ita ce ke tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini, musamman masu kawo ciwon huhu da sanƙarau, shi ya sa ake yin allurar rigakafinsu aƙalla mako biyu kafin aiki, ko mako biyu bayansa idan aikin gaggawa ne. Maleriya ma ta fi tsanani ga marar saifa, don haka gidan sauro ya zama dole, kuma duk zazzaɓi a je a gwada a ranar da ya fara. Cire saifa bai kashe cutar da ta lalata hantar ba. Mai nau'in B zai ci gaba da maganinsa irin su tenofobir, mai tsargiya a ba shi farazikwantel, a kuma gwada matarsa da 'ya'yansa da 'yan'uwan da suka fito ciki ɗaya, wanda ba shi da cutar a yi masa rigakafi. Tun 2004 wannan allurar take cikin rigakafin yara a Najeriya, kuma ta farko a cikin sa'o'i 24 da haihuwa ake son a yi ta.

Saura al'adarmu ta tafiya gida jinya. Mu da muke zaune a kudu ko Abuja, da an sallami mutum sai a ce a kai shi gida wurin dangi ya huta. A ɗora shi a mota daga Legas, ya yi kwana da yini a zaune ƙafa a lanƙwashe, yana ƙin shan ruwa don kada fitsari ya dame shi a hanya, ya sauka a garin da babu na'urar Dofla sai an yi tafiyar awa uku. Wannan kuwa a mako na biyu ko na uku, daidai lokacin da filatilet suka kai ƙololuwa. Waɗanda aka yi wa aiki a Masar ko Indiya su ma kuɗin masauki yakan sa su hawo jirgi da wuri, su dawo ba su san likitan da zai karɓe su a nan ba. In da hali, mara lafiya ya cika wata guda kusa da asibitin da aka yi masa aiki, a yi hoto na biyu kafin ya motsa. In tafiyar ta zama tilas, ya sha ruwa sosai, ya riƙa sauka yana taka ƙafa duk inda aka tsaya, kuma a karɓi rahoton aikin a rubuce: abin da aka cire, abin da aka ɗaure, sakamakon hoton ƙarshe, sunan maganin tsinka jini da adadinsa, da ranar gwaji na gaba. A ɗauki hoton takardar a waya, a tura wa mutum biyu a cikin iyali, ainihinta kuma ta zauna a aljihun mara lafiyar, ba a ƙasan akwati ba.